Cinikin Magungunan Gargajiya Na Ciwon Sukari Ya Bunƙasa A Legas, Amma Da Sauran Aiki Wajen Awo

LEGAS — Cinikin ganyaye da saiwoyi da sassaƙen itatuwa waɗanda ake cewa suna rage sukarin jini ya zama wani reshe mai ƙarfi na kasuwanci a unguwannin da Hausawa suka daɗe da zama a Legas, musamman Agege da Idi-Araba da Mil 12 da wasu sassan Ajegunle. A bakin masallatan Juma'a da tashoshin mota da gefen kasuwanni, da wuya a rasa mai tebur ko mai shimfiɗa da ya jera ƙulle-ƙullen garin magani, kuma da wuya a rasa maganin sukari a cikin abin da yake talla, kusa da na basir da na shawara da na sanyi.

Wannan ciniki yana ci da mutane masu yawa, tun daga mai saran itace a daji, zuwa ɗan sari, zuwa direban tirela, zuwa mai niƙa da mai ƙullawa. Har ila yau yana taɓa rayukan dubban masu ciwon sukari waɗanda tsadar maganin asibiti ta tura su neman mafita. Binciken da masana suka yi a jami'o'in ƙasar nan da na ƙasashen waje ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan tsirrai suna ɗauke da sinadaran da ke taɓa sukarin jini. Abin da har yanzu ba a samar ba ga mafi yawansu shi ne awo: nawa za a sha, sau nawa, na tsawon wane lokaci, kuma me zai biyo baya a hanta da ƙoda. A wannan giɓi ne haɗarin kasuwar yake, kuma a cikinsa ne ribar da masu jari ba su kai ga ɗiba ba take kwance.

Hanyar Da Kayan Ke Bi

Zaman Hausawa a Agege ya samo asali ne daga fataucin goro da na dabbobi. Layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a shekarar 1901, ya kuma kai Kano a 1911, shi ya mai da Agege zango, inda ake sauke shanu a ɗauki goro. Ajegunle kuwa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Ajeromi-Ifelodun, ta cika ne da ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, da direbobin manyan motoci da 'yan dako daga kowane sashe na ƙasar nan. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba wannan ƙaramar hukuma mutane fiye da dubu 680, a kan ƙasa 'yar kaɗan, abin da ya sa ta cikin wurare mafi cunkoso a jihar.

Hanyar da goro ya bi ya hau Arewa, ita ce magani ke bi ya gangaro Kudu. Busasshen zogale da garafuni da sabara, da sassaƙen marke da maɗaci da ɗanya, suna zuwa ne cikin buhuna a kan motocin da ke kawo albasa da tumatur da wake. Hulba da habbatus sauda da kirfa galibi shigo da su ake yi daga ƙasashen waje, su bi ta hannun 'yan sari na Kano, inda tsohuwar kasuwar Kurmi ta yi suna wajen kayan magani, sannan su watsu zuwa shagunan da ake kira Islamik kemis.

A Legas kayan Arewa suna haɗuwa da na Yarabawa. Matan da ake kira elewe omo, masu sayar da ganye da saiwa a kasuwanni irin su Mushin da Oyingbo, suna da nasu jerin: ewuro, wadda ita ce shuwaka, da ejinrin, ɗan'uwan garafuni, da 'ya'yan abere masu tsananin ɗaci. Mai ciwon sukari a Ajegunle yakan sayi jiƙon agbo da safe a wurin Bayaraba, ya sayi garin hulba da yamma a wurin Bahaushe, alhali yana da ƙwayar asibiti a aljihu.

Sigar kayan ma ta canja. Da can ƙulli ne a leda ko tsimi a kwalbar da aka wanke. Yanzu ana samun su cikin kafso, da ƙunshin shayi, da roba mai hatimi da takarda mai launi. Wannan sabon kamanni ya ɗaga farashi, ya kuma jawo masu saye daga cikin ma'aikata da 'yan boko. Sai dai kyan mazubi bai canja abin da ke ciki ba.

Abin Da Ya Buɗe Kasuwar

Dalili na farko shi ne yawan masu ciwon. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a 1992 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oladipo Akinkugbe ya sami ciwon sukari a jikin kashi 2.2 cikin ɗari na manya. A 2018, Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, suka fitar da kashi 5.77 cikin ɗari, wato kimanin mutum miliyan 11. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, wadda ke amfani da wata hanyar lissafi dabam, ta ƙiyasta manya miliyan 3.6 a Nijeriya a rahotonta na 2021. Bambancin alƙaluman yana da yawa, amma duka suna nuna cewa ciwon ƙaruwa yake yi. Rahoton na 2021 ya ƙara da cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

Zaman birni yana da hannu a ciki. Direban da ke kwana da kwanaki cikin layin shiga tashar Apapa, da mai shagon da ke wuni zaune, abincinsu shinkafa ne da burodi da shayi mai kauri da lemon kwalba. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari a dokar kuɗi ta 2021, kuma rage shan irin waɗannan abubuwa na cikin dalilan da aka bayar.

Dalili na biyu shi ne tsada. Mafi yawan magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje ake shigo da su, kuma kamfanonin gida ma daga Indiya da Sin suke sayo mafi yawan sinadaran da suke haɗawa. Da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, Dalar Amurka da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. A watan Agustan 2023 kamfanin GlaxoSmithKline ya ba da sanarwar daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a ƙasar nan, a watan Nuwamba kuma kamfanin Sanofi, mai yin allurar insulin ta Lantus, ya ce zai miƙa rarraba kayansa ga wani dillali. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wani umurni a watan Yunin 2024 wanda ya ɗage haraji na tsawon shekara biyu a kan kayan haɗa magunguna, domin rage raɗaɗin.

Ciwon sukari kuwa ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a huta. Sayen magani ne na kowane wata har ƙarshen rayuwa, ga kuɗin tsinken gwaji, ga na ganin likita. Ko da yake dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, mafi yawan kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fitowa. Ɗan dako ko mai gadi da ke aika kuɗi gida kowane wata, idan aka ce masa ga ƙullin gari mai araha da zai raba shi da ciwon baki ɗaya, ba abin mamaki ba ne ya saya.

Wani bincike da Dokta Anthonia Ogbera da abokan aikinta suka yi a Legas, aka buga a 2010, ya sami cewa kashi 46 cikin ɗari na masu ciwon sukari da ke zuwa asibiti suna haɗawa da maganin gargajiya, kuma shuwaka da tafarnuwa da citta na cikin abin da suka fi sha. Wannan tun kafin faɗuwar Naira ke nan, kuma a cikin waɗanda suke iya zuwa asibiti.

Abin Da Bincike Ya Nuna

Sukari yana taruwa a jini ne idan jiki ya kasa samar da isasshen insulin, ko kuma ya daina jin aikinsa. Likitoci suna tabbatar da ciwon idan awon jinin wanda ya kwana bai ci abinci ba ya kai 126 a ma'aunin da na'urorin gida suka fi amfani da shi, wato 7 a ɗaya ma'aunin. Tsiro zai iya rage wannan adadi ta hanyoyi dabam-dabam. Wani yana jinkirta narkewar sitaci a hanji, kamar yadda ake zaton yauƙin hulba da na kuɓewa suna yi. Wani yana sa tsoka ta ƙara jan sukari daga jini, wani kuma yana rage wanda hanta ke fitarwa.

Masana sun daɗe suna rubuta sunayen waɗannan tsirrai. Dokta J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa tun 1916. A 2009 Farfesa Adebayo Gbolade ya buga sakamakon zagayen da ya yi a wasu yankunan Jihar Legas, inda ya tattara haɗe-haɗe 50 na maganin sukari, kuma shuwaka da gwanda da lemon tsami da ɗoɗɗoya da ejinrin na cikin manyan abubuwan da ake sakawa. A 2014 wasu masana biyu a Landan, Ezuruike da Prieto, suka bi diddigin tsirrai 115 da ake amfani da su don ciwon sukari a Nijeriya. Sun sami cewa da yawa daga ciki suna da shaidar aiki a ɗakin gwaje-gwaje, sun kuma yi gargaɗi game da guba da kuma karon da wasu ke yi da maganin asibiti.

Matsalar ita ce mafi yawan wannan shaida daga ɓeraye ta fito. Hanyar da aka saba ita ce a yi wa ɓera allurar wani sinadari da ke lalata masa gaɓar da ke samar da insulin, sannan a ba shi ruwan da aka tatso daga ganye na 'yan makonni, a auna jininsa. An yi irin wannan gwaji a kan shuwaka da zogale da darbejiya da ganyen mangwaro a jami'o'i da dama, ciki har da na Zariya da Sakkwato da Kalaba, kuma sau da yawa sukarin yakan sauka. Amma ɓera na mako huɗu dabam, mutum mai shekara hamsin da zai sha abu shekara ashirin dabam.

Inda aka gwada a kan mutane, sakamakon bai kai yadda ake fata ba. Cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen magani na duniya, ta duba ejinrin, wanda Indiyawa ke kira karela, a 2012. Ta sami gwaje-gwaje huɗu kacal da suka cancanta, masu ɗauke da mutum 479, ta ce shaidar ba ta isa a yanke hukunci ba. A wannan shekarar ta duba gwaje-gwaje 10 na kirfa a kan mutum 577, ta faɗi irin wannan magana. Hulba da habbatus sauda sun nuna ɗan tasiri a wasu ƙananan gwaje-gwaje, amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan tsirrai da aka tabbatar yana warkar da ciwon sukari, ko yana maye gurbin insulin ga wanda rayuwarsa ta dogara da shi.

Darasin Wata Ciyawa Ta Turai

Masu raina maganin gargajiya da masu cewa ya wadatar yadda yake, duka suna da abin koyo daga tarihin metfomin, ƙwayar da likitocin duniya suka fi fara ba mai ciwon sukari na manya. Asalinta wata ciyawa ce mai suna Galega, wadda masu maganin gargajiya na Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna bayarwa ga mai yawan fitsari da ƙishirwa. A 1918 aka gano cewa irin sinadarin da ke cikinta yana rage sukarin jini. Amma ciyawar tana da guba, har takan kashe tumaki, kuma magungunan farko da aka ƙera daga danginta a shekarun 1920 an janye su saboda suna lalata hanta.

An haɗa metfomin a ɗakin gwaje-gwaje a birnin Dublin a 1922, aka manta da ita saboda an gano insulin a Toronto a 1921. Sai a 1957 wani likita a Paris, Jean Sterne, ya gwada ta a kan majiyyata, ya daidaita awonta, aka sa mata suna Glucophage. Amurka ba ta amince da ita ba sai a ƙarshen 1994, kuma babban gwajin da aka yi a Ingila, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, shi ya tabbatar da cewa tana rage mace-mace. A yau tana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Haka kuma wani sabon rukunin magungunan sukari da ya shigo kasuwa daga 2012, wanda ke sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, ya samo asali ne daga sinadarin da aka ciro daga ɓawon itacen tuffa tun 1835.

Masu maganin Turai ba su yi ƙarya ba da suka ce ciyawar tana aiki. Amma sai da aka ware mai amfani daga mai cutarwa, aka auna, aka gwada, kafin ta zama hajar da ake cinikinta a kowace ƙasa. Ribar kuwa ta tafi ne ga waɗanda suka yi wannan aiki.

Doka Da Haɗarin Da Ke Ciki

Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, wadda aka kafa da doka mai lamba 15 ta 1993, ita ke da alhakin duk wani maganin gargajiya da aka ƙunshe don sayarwa. Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne lambar da hukumar ke ba mafi yawan irin waɗannan magunguna ta wucin gadi ce, ta shekara biyu, kuma tana ƙarewa da harafin L. Shugabar hukumar da aka naɗa a 2017, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sha bayyana cewa wannan lamba tana nufin an gwada maganin an ga bai nuna guba ba, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. Cikakkiyar rajista tana buƙatar gwaji a kan mutane. Bugu da ƙari, Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta hana tallata wani abu ga jama'a a matsayin maganin wasu cututtuka da ta lissafa, kuma ciwon sukari na cikinsu. Mai lasifika a kan mota da ke alƙawarin raba mutum da sukari cikin mako biyu yana karya wannan doka, ko ya sani ko bai sani ba. A matakin jiha, Legas ta kafa hukumar kula da masu maganin gargajiya tun 1980, kuma ita ke yi musu rajista.

Haɗarin da mai saye ke fuskanta iri-iri ne. Ƙarfin ganye yana canjawa da ƙasar da ya fito, da lokacin da aka tsinke shi, da yadda aka shanya shi, don haka cokali ɗaya na wannan buhu ba daidai yake da cokali ɗaya na wancan ba. Wanda ya haɗa tsimi mai ƙarfi da ƙwaya irin su Daonil ko allurar insulin, sukarinsa zai iya faɗuwa ƙasa da 70, ya kama rawar jiki da gumi, ya suma, musamman idan yana azumi ko yana tuƙi bai ci abinci ba. Wanda kuma ya ajiye maganin asibiti baki ɗaya saboda ya ji sauƙi, ciwon yana ci gaba da cin idanunsa da ƙodarsa da jijiyoyin ƙafarsa a ɓoye, sai ranar da gyambo ya ƙi warkewa. Kuɗin wankin ƙoda na wata ɗaya ya fi na ƙwayar shekaru.

Akwai kuma matsalar ajiya da algus. Kayan da aka shanya a busasshiyar iskar Arewa suna jan laima a shagunan Legas, su yi funfuna, kuma wasu nau'o'in funfuna suna haifar da gubar da ke lalata hanta. Algus mafi muni shi ne a daka ƙwayar asibiti a zuba cikin gari don mai saye ya ga aiki nan take. A 2009 wani maganin sukari na jabu da aka cusa wa sinadarin da ke cikin Daonil har ninki shida ya kashe mutum biyu a yankin Shinjiyang na ƙasar Sin. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni 15 takardar gargaɗi kan kayan ciwon sukari da suke sayarwa ba bisa ƙa'ida ba, wasunsu da sunan na ganye ne alhali an ɓoye maganin asibiti a ciki. Irin wannan idan ya faru, mai gaskiya da maras gaskiya duka kasuwarsu ke mutuwa, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Abin Da Ya Faru Da Niprisan

Nijeriya ta taɓa bin wannan hanya har ƙarshe, ko da yake a kan wani ciwo dabam. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a Abuja, wato NIPRD, ta karɓi wani haɗin maganin amosanin jini daga hannun wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, a shekarun 1990, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Charles Wambebe. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace. Cibiyar ta daidaita awonsa, ta gwada shi a kan majiyyata, ta yi masa rajistar mallaka da sunan Niprisan tare da sanya sunan mai maganin a ciki. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin yin sa, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006. Kamfanin ya karye a 2008, maganin ya ɓace daga kasuwa, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na gida.

Wannan labari ya nuna cewa masanan ƙasar nan suna iya mai da ganye magani. Ya kuma nuna cewa ilimi kaɗai bai isa ba idan babu jari mai haƙuri da tsayayyen tsarin samar da ɗanyen kaya. Wasu ƙasashen Afirka sun ɗan yi gaba a nan. Ghana ta kafa cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong tun 1975, tana kuma horar da masu digiri a wannan fanni a jami'ar Kumasi. A Madagaska, cibiyar da Farfesa Albert Rakoto Ratsimamanga ya kafa ta fitar da maganin sukari mai suna Madeglucyl daga ƙwallon wani itace. A Nijeriya akwai Hukumar Bunƙasa Magungunan Gargajiya ta Ƙasa da aka kafa a 1997, mai hedkwata a Legas, an fitar da manufar ƙasa kan maganin gargajiya a 2007, da kundin farko na magungunan tsirrai a 2008. Gine-ginen suna nan, kuma ba su da nisa da Agege ko Ajegunle.

Inda Jari Zai Iya Shiga

Gwajin magani a kan ɗaruruwan mutane aiki ne da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya. Amma akwai matakai da ke ƙasa da wannan waɗanda ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya ɗauka. Na farko shi ne noma maimakon saran daji. Zogale da shuwaka da garafuni duka suna nomuwa, kuma gona ɗaya mai iri ɗaya tana ba da kaya masu ƙarfi iri ɗaya. Maɗaci da marke kuwa, da ake yi wa sassaƙa har su bushe, suna raguwa a dazuzzukan Arewa, kuma kasuwar da ta dogara da su tana cin jarinta ne.

Na biyu shi ne shanya da niƙa da ƙunshewa cikin tsabta, da rubuta ranar da aka yi kaya da abin da ke cikinsu. Masu fitar da zoɓo da citta da riɗi daga kasuwar Dawanau sun riga sun san cewa mai saye na waje takardar gwaji yake fara tambaya. Haramcin da Tarayyar Turai ta sa wa busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari ya isa ishara ga duk mai tunanin fitar da garin ganye.

Na uku shi ne haɗa kai da jami'o'i. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yana cikin Idi-Araba ne, katanga ɗaya tsakaninsa da unguwar Hausawa. Ƙungiyar masu magani da za ta zaɓi haɗi ɗaya ko biyu da ta fi amincewa da su, ta rubuta yarjejeniyar da za ta kare haƙƙin mai asalin ilimin kamar yadda aka yi a Niprisan, ta miƙa su a gwada, ta kama hanyar samun cikakkiyar rajista. Wanda ya fara samun irin wannan rajista a kan maganin sukari zai iya shiga kemis da asibiti, inda mai tebur ba ya shiga.

Kafin a kai nan, akwai abin da kowane mai shago zai iya yi ba tare da jiran gwamnati ba. Zai iya ajiye na'urar awon sukari, ko ya tura mai saye kemis mafi kusa a auna shi. Zai iya gaya masa kada ya bar maganin likita, kuma ya sanar da likitan abin da yake sha. Zai iya ƙin sayar wa mai juna biyu da ƙaramin yaro da mai ciwon ƙoda. Shawarar likitoci ga mai ciwon ita ce a ci zogale da shuwaka a matsayin abinci, a rage shinkafa da lemon kwalba, a motsa jiki, a kuma yi gwajin jinin nan da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku, domin shi ne alƙalin da zai nuna ko abin da ake sha yana aiki.

Fataken goro da suka kafa Zangon Agege sun riƙe kasuwarsu fiye da shekara ɗari saboda mai saye a Kano ko Sakkwato ya amince da ƙirga da ingancin huhun da aka aiko masa ba tare da ya kwance ba. Masu cinikin maganin sukari na yau suna buƙatar irin wannan amana, kuma a harkar magani ɗakin gwaje-gwaje ne ke bayar da ita.